Yadda Ake Gwada Tsarin Shafin Intanet a Takarda Kafin a Taɓa Kwamfuta

Shafin intanet guda ɗaya ne, amma masu buɗe shi kowa da irin allonsa. Wani yana riƙe da ƙaramar waya wadda faɗinta bai kai tafin hannu ba, wani tabulet, wani kuma yana zaune gaban kwamfutar ofis. A shekarar 2010 Ethan Marcotte, wani mai tsara shafukan intanet, ya wallafa wata maƙala a mujallar intanet ta A List Apart, inda ya raɗa wa salon gina shafi mai daidaita kansa da faɗin allo suna, ya kuma lissafa abubuwa uku da ke riƙe da shi: ginshiƙai masu miƙewa da tsukewa, hotuna masu bin faɗin gurbin da aka sa su, da dokokin CSS (harshen da ake tsara kamannin shafi da shi) da ke sauya tsari idan faɗin allo ya kai wani mataki.

Rubuta waɗannan dokoki ba ya cin lokaci ga wanda ya iya. Abin da ke cin rai shi ne yanke shawara: me zai zo a sama idan wuri ya ƙure, me zai koma gefe idan wuri ya yalwata, kuma a daidai wane faɗi ne tsarin zai sauya. Idan aka bar wannan shawara sai an fara rubuta manhaja, kowane gyara sai ya ci yini. A kan tebur, da almakashi da kwali, gyaran ba ya wuce ɗaga kati a ajiye shi a wani wuri.

Za mu bi aikin da misali ɗaya har ƙarshe: shafin wani shagon sayar da atamfa da shadda, inda mai saye zai duba kaya, ya zaɓi turmi ko yadi nawa yake so, ya biya.

Kayan aiki da ma'auni

A tanadi farar takarda A4 kamar guda 30, babbar takarda A3 guda biyu ko uku, kwali mai ɗan kauri (na kwalin takalmi ya isa), almakashi, reza, rula mai milimita, fensir, baƙar maka mai kaurin baki, jan biro, da salatif na takarda wanda ake ɓarewa ba tare da ya yaga abin da ya kama ba. Kada a yi amfani da gam. Duk abin da aka manne da gam ya zauna ke nan, alhali aikin gaba ɗaya na motsa abubuwa ne. A kuma kashe fanka ko a juya kanta, domin ƙananan katuna ba sa jure iska.

Kafin a yanka komai sai an tsayar da ma'auni, kuma nan ne mafi yawan masu farawa ke tuntuɓe. Sukan zana waya ta cika takarda guda, su zana kwamfuta ita ma ta cika takarda guda, sai ya zama rubutun da ke cikin wayar ya samu filin da ba zai taɓa samu a zahiri ba. Ma'aunin da ya fi sauƙin aiki shi ne milimita 1 ta tsaya a madadin fiksel 5 na CSS (fiksel shi ne ɗigon da ake auna faɗi da tsawon allo da shi). Da wannan lissafi, waya mai faɗin fiksel 360, wanda shi ne faɗin wayoyin Android da yawa, za ta zama milimita 72. Ƙaramar waya mai fiksel 320 za ta zama milimita 64. Tabulet a tsaye mai fiksel 768 zai zama milimita 154. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai fiksel 1366 za ta zama milimita 273, wanda ya shiga cikin A4 idan an kwantar da ita, tunda tsawonta milimita 297 ne.

Amfanin wannan ma'auni biyu ne. A waya ya yi kusa da girman gaske, don haka yatsan mai gwaji zai faɗa maka gaskiya. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, katin da ka yanka sau ɗaya zai yi aiki a dukkan allunan ba tare da an sake zana shi ba.

A fara da abin da za a faɗa, kafin inda za a sa shi

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da dole ya bayyana a shafin kaya: sunan shago, wurin bincike, jerin rukunoni, matatar zaɓi ta launi da farashi, katunan kaya, kwandon saye, lambar waya ko WhatsApp, bayanin kai kaya gida. Sai ka ba kowanne lamba bisa muhimmancinsa ga mai saye, daga 1 zuwa ƙarshe, ba tare da biyu sun yi tarayya a lamba ɗaya ba. Za a yi gardama a nan, musamman da mai shago wanda yake ganin komai nasa na ɗaya ne. A bari a yi ta a gama. Wannan jerin shi ne zai zama tsarin shafin a waya daga sama zuwa ƙasa, kuma shi ne jerin da mai rubuta HTML, harshen da ake jera abubuwan cikin shafi da shi, zai bi.

Daga nan sai a watsa tunani. Ninke A4 sau uku, ka buɗe, za ka ga gida takwas. Kowane gida ya kai kimanin milimita 74 a faɗi da 105 a tsawo, wato kusan faɗin wayarmu daidai. Kowa a cikin masu aikin ya zana tsari takwas mabambanta cikin minti takwas, minti ɗaya ga kowane gida. Ba a neman kyau. Zane na farko da na biyu galibi kwaikwayon shafukan da mutum ya saba gani ne; daga na biyar ne sabon tunani ke fara fitowa, don haka kada a tsaya a rabi. A baje su, a zaɓi biyu ko uku da za a ci gaba da su.

Yanka katuna

Kowane abu da ke cikin jerin nan zai zama kati mai zaman kansa. Rubuta lambarsa a baya da jan biro.

Maganar rubutu tana bukatar a tsaya a kanta. Kada ka ja layukan zigizaga a madadin rubutu, kuma kada ka sa kalmomin Turanci da niyyar a fassara daga baya. Sa ainihin kalmomin da za su fito. Maɓallin da a Turanci kalma ɗaya ce mai harafi uku ko huɗu, a Hausa yana iya zama "Saka a kwando" ko "Ci gaba zuwa biya", kuma wannan tsawo shi ne zai nuna ko maɓalli biyu za su zauna a sahu ɗaya. Haka sunan kaya: nemi mafi tsawo a shagon ka yi gwaji da shi, tare da farashi mafi yawan lambobi, irin ₦125,000. Tsarin da ya ɗauki mafi tsawo zai ɗauki gajere.

Rubutun hannu yana yaudara, domin mutum yakan matse haruffa ba tare da ya sani ba idan ya ga wuri zai ƙare. Mafita ita ce a buga rubutun. A ma'auninmu, rubutu mai fiksel 16 ya yi daidai da girman 9 a manhajar rubutu irin Word, kanun magana mai fiksel 24 kuma ya yi kusa da girman 14. Idan za a buga a shagon buga takardu, a gaya wa mai injin ya fitar da shi a girmansa na asali, kashi 100, kada ya bar injin ya rage ko ya ƙara don ya cika takarda. In akwai hali a buga da irin salon haruffan da shafin zai yi amfani da shi. A nan ne za a gane ko yana da ƙ da ɗ da ɓ, ko kuwa zai aro su daga wani salon su fito daban da 'yan'uwansu.

Duk abin da za a taɓa da yatsa yana da ƙaramin girman da bai kamata ya gaza ba. Jagorar Apple ta ce kwatankwacin fiksel 44 a faɗi da tsawo, ta Google ta ce 48. A takardarmu 48 ta zama milimita 9.6, sai a ɗauka santimita 1 cif. Yanka ɗan kwali murabba'i mai santimita 1 ka ajiye a gefe. Duk maɓalli ko alamar da ka zana, ɗora shi a kai. In kwalin ya rufe maɓalli biyu a lokaci guda, sun yi kusa da juna.

Takarda ba ta miƙewa, shafi kuwa yana miƙewa. Hanyar kauce wa wannan ita ce a yanka kowane kati a mafi ƙanƙantar faɗin da zai iya zama ba tare da ya lalace ba. Katin atamfa, alal misali, mai hoto da suna da farashi, a ce ba zai gaza fiksel 150 ba, wato milimita 30. Idan fili ya ragu a gefensa, an san zai miƙe ya cike shi. Abubuwan da ke ratsa allo daga gefe zuwa gefe, kamar kan shafi da wurin bincike, a yanka su da tsawo a ninke su kamar mafici, a riƙa warwarewa gwargwadon faɗi.

Tagogi da firam mai motsi

Yanka tagar waya a jikin kwali: milimita 72 a faɗi, 128 a tsawo. Sai ka rufe kimanin milimita 15 daga sama da wani guntun kwali, domin agogon waya da wurin adireshin burauza suna cin wannan wuri. Jera katunan a kan doguwar takarda mai faɗin milimita 72, ka riƙe su da ɗan salatif, ka zura ta ta ƙarƙashin tagar. Jan takardar sama da ƙasa shi ne gungura shafi. Abin da ya bayyana a tagar kafin a ja komai, shi ne abin da mai saye zai fara gani. Idan sunan shago da babban hoton talla sun cinye wurin har ba a ga atamfa ko ɗaya ba, ga gyara na farko nan.

Tagogi uku, na waya da tabulet da kwamfuta, suna da amfani, amma suna ɓoye abin da ke faruwa a tsakaninsu. Allunan da ke hannun mutane ba uku ba ne, kuma mai kwamfuta yana iya tsuke burauzarsa zuwa rabin allo. Saboda haka a yi firam mai motsi. Yanka kwali biyu masu siffar harafin L, kowanne hannunsa ya kai santimita 30. A saman takardar A3 ja layi ka sa alama a kowace santimita, ka rubuta yawan fiksel: 50, 100, 150, har zuwa 1400. Kafe L ɗaya a kusurwar hagu ta sama da salatif. Ɗayan ka juya shi ya zama gefen dama da ƙasa, shi ne mai tafiya.

Fara daga 320. Jera katunan. Da tazarar fiksel 16 a gefe da tsakani, katin atamfa biyu suna bukatar 348, don haka a 320 ɗaya ne kawai zai shiga a sahu. Matsa firam ɗin dama a hankali, santimita ɗaya-ɗaya, kana tambayar kanka a kowane mataki ko tsarin yana nan da kyau. A wajen milimita 70 kati na biyu zai samu wuri. A wajen 103 na uku zai shiga, a 136 na huɗu. Duk inda ka ga dole sai ka ɗaga kati ka sauya masa wuri, tsaya, sa alama da jan biro a kan layin, ɗauki hoto da waya daga sama. Wannan wuri shi ne gaɓar sauyi, kuma kayan shafinka ne suka nuna ta. Tsare-tsaren da aka riga aka shirya kamar Bootstrap suna zuwa da nasu gaɓoɓin, irin su 576 da 768 da 992 da 1200, kuma ba laifi a yi amfani da su idan sun yi kusa da naka. Laifin shi ne a tilasta wa kaya bin lambar da ba ta dace da su ba.

Matatar zaɓi ita ce ta fi ba da aiki. A waya ba ta da wurin zama, sai ta ɓuya a bayan maɓalli mai cewa "Tace kaya", ta fito ta rufe allo idan an taɓa. Yi mata kati na daban mai girman tagar gaba ɗaya, kar ka manta da maɓallin rufewa da na "Nuna sakamako". A babban allo za ta koma ginshiƙi a hagu mai faɗin fiksel 240. Yaushe? Idan ana son kati uku su rage a gefenta, lissafin ya kama 770. Tabulet mai 768 ya gaza da fiksel 2. Ido ba zai ga wannan a takarda ba, domin bai kai rabin milimita ba. Don haka duk lambar da takarda ta bayar a ɗauke ta a matsayin kimantawa, kuma duk inda ta faɗo kusa da faɗin wata sananniyar na'ura a yi lissafi da biro: ko a rage ginshiƙin zuwa 220, ko a ɗaga gaɓar zuwa 800.

A can ƙarshen faɗi matsalar takan juya. Wuri ya yi yawa, sai sha'awar cike shi ta taso. Bayanin kaya da ya miƙe daga gefe zuwa gefe a milimita 273 ba ya karantuwa, ido yakan ɓace wajen komawa farkon layi. Masu tsara rubutu sun daɗe suna ba da shawarar layi ya tsaya tsakanin harafi 45 zuwa 75. Ƙirga haruffan layinka da aka buga, ka tsayar da iyakar faɗin rubutun a nan, ragowar filin a bar shi fari.

Akwai doka ɗaya da za a riƙe a duk tsawon wannan aiki: katin da ya fita daga tebur a waya sai an faɗi inda ya tafi. Ajiye faranti a gefe, duk katin da aka cire a sa shi ciki. In an gama tsarin waya aka ga bayanin kuɗin kai kaya yana cikin faranti, to an hana mai waya abin da aka ba mai kwamfuta, alhali masu sayen da yawa ba su da wata hanyar shiga sai wayar. Ko dai a nemo masa wuri, ko a yarda cewa ba a bukatarsa a ko'ina. Sannan a juya katunan a duba jan lambobin: idan a kwamfuta lamba 7 ta haye saman lamba 2, a sani cewa mai amfani da manhajar karanta allo, kamar makaho, da mai tafiya da maɓallin Tab za su bi jerin HTML ne, ba abin da ido ke gani ba.

Idan shafin zai samu ɓangaren ajami ko Larabci, a maimaita jerin katunan daga dama zuwa hagu: matata ta koma dama, kibiyoyin gaba da baya su juya.

Gwaji da mutane

Mutum uku ke gudanar da gwaji. Ɗaya yana magana da mai gwaji. Ɗaya shi ne kwamfuta: ba ya cewa uffan, aikinsa sauya katuna da jan takarda duk lokacin da aka taɓa wani abu. Na uku yana rubutu. Kafin baƙo na farko ya shigo a yi atisaye sau ɗaya, mai aikin kwamfuta ya jera katunansa a inda hannunsa zai kai nan take, domin idan ya tsaya lalube mai gwaji zai manta abin da yake nema.

A nemo waɗanda za su yi amfani da shafin da gaske, ba abokan aiki ba. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da shafukan intanet, ya yi bayani a shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono yawancin manyan matsaloli, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje da yawa da a yi babba guda. Minti 20 ga kowane mutum ya wadatar.

Kada a tambayi mutum ko tsarin ya yi kyau. Kunya da kara za su sa ya ce ya yi, ko da bai gane komai ba. A ba shi aiki. A ce, "Hajiya, ki ɗauka biki ya matso, kina son turmi biyu na atamfa shuɗiya, kuma kuɗin hannunki ba su wuce kaza ba. Ga wayar, ki nuna mana da yatsa yadda za ki yi, kina faɗin abin da ke ranki." A gaya mata tun farko cewa takardar ake jarrabawa, duk inda ta tsaya laifin zanen ne. A lura kada kalmomin aikin su zama irin na kan maɓalli. In ka ce "ki tace kaya", ka riga ka ba da amsa. Idan ta ɗago ta ce, "Nan zan taɓa?", amsar ita ce, "Me kike tsammanin zai faru in kin taɓa?" Mai rubutu ya rubuta inda yatsa ya fara nufa, inda ya yi jinkiri a sama, da kalmar da ta furta lokacin da take neman abu. Wannan kalmar sau da yawa ta fi wadda ke kan katin dacewa.

Lokacin da aka zo cike fom na adireshi, mai aikin kwamfuta ya ɗora kwali mai tsawon kimanin milimita 55 a ƙasan tagar a matsayin allon rubutun waya. Nan take za a ga ko ya rufe gurbin da ake cikewa ko maɓallin "Ci gaba". A kuma kwantar da tagar a gefe sau ɗaya: tsawon ya koma milimita 72, kuma idan kan shafin a kafe yake ba ya motsi, shi da allon rubutu za su cinye kusan komai. Wani abin lura: duk bayanin da aka tsara zai fito idan an ɗora kibiyar linzami a kan hoto, a waya babu shi, domin yatsa ba ya shawagi. Mai aikin kwamfuta kada ya nuna irin wannan kati a tagar waya ko da ya ga mai gwaji ya maƙale.

A raba mutanen: uku su fara da waya, biyu su fara da kwamfuta, sannan a musanya. Wanda ya koyi shafin a allo ɗaya ya kamata ya gane shi a ɗayan. In ya nemi kwando a dama ta sama inda ya bar shi bai same shi ba, a rubuta. Ƙananan gyare-gyare, kamar sauya kalma, a yi su tsakanin baƙo da baƙo. Manya a jira sai mutum biyu ko uku sun yi tuntuɓe a wuri guda.

Abin da za a miƙa wa mai rubuta manhaja

Takarda ba za ta nuna nauyin hotuna da yawan datar da za su ci ba, ko yadda shafin zai buɗe idan sabis ya yi rauni, ko yadda launi zai fito a cikin rana tsaka. Waɗannan sai a kan waya ta gaske, kuma gara a gwada a mai araha. Abin da takarda ta bayar shi ne jerin abubuwa bisa lamba, hoton tsari a kowace gaɓar sauyi da faɗinta a rubuce a jiki, mafi ƙanƙanta da mafi girman faɗin kowane kati, da kalmomin da aka tabbatar mutane sun gane. A haɗa hotunan a jere daga 320 zuwa 1366, a rubuta a ƙarƙashin kowanne abin da ya motsa da dalilin motsinsa. Katunan kuma a zuba su a ambulan a rubuta sunan shafin a baya, domin ranar da mai shago zai ce a ƙara sashen mayafai, firam ɗin da katunan za a sake baje wa a tebur.